Yadda Rikicin Ingila da Faransa Ya Haifi Giyar Port

A 1678 majalisar dokokin Ingila ta hana shigo da kayan Faransa, ciki har da ruwan inabin Bordeaux wanda attajiran Landan suka saba da shi tun zamanin kakanninsu. Fatake ba sa zaman jiran sarakuna su shirya. Sai suka karkata zuwa Fotugal, suka bi kogin Douro can cikin tsaunuka, inda zafin rana ke nunar da inabi mai duhu da ƙarfi. Abin da suka sayo ya ɗauki sunan Porto, birnin da ake loda shi a bakin teku, ko da yake gonakin suna da nisan kusan kilomita 100 daga nan.

Yarjejeniyar Methuen ta 1703 ce ta kafa cinikin da gindinsa. Fotugal ta yarda yadin ulu na Ingila ya shiga kasuwanninta, ita kuma Ingila ta rage wa ruwan inabin Fotugal kashi ɗaya bisa uku na kuɗin fiton da na Faransa ke biya. Wanda ya karanci tattalin arziki zai gane wannan musaya, domin da yadi da ruwan inabin ƙasashen nan biyu David Ricardo ya kafa misalinsa na cinikin ƙasa da ƙasa a 1817. A takarda kowa ya ci riba, amma masaƙan Fotugal sun daɗe suna ganin akasin haka.

Da kasuwa ta buɗe, algus ya shigo. Aka riƙa rina ruwan inabi maras kyau da 'ya'yan wata bishiya masu baƙin ruwa, farashi ya faɗi warwas. A 1756 babban ministan Fotugal, wanda daga baya aka sani da Marquês de Pombal, ya kafa kamfani mai ikon yanke farashi, ya shata iyakar yankin da aka yarda ya samar da port, aka kakkafa duwatsu 335 a matsayin alama, aka kuma ba da umarnin tumɓuke bishiyoyin rinin. Da mutanen Porto suka yi bore a 1757 saboda kamfanin ya ƙwace cinikin mashayu, an rataye wasu daga cikinsu. Wannan doka mai jini a jikinta tana cikin na farko a duniya da suka ɗaure sunan kaya da ƙasar da ta fitar da shi.

Zaƙin da aka san port da shi a yau bai zo da wuri ba. Da farko ana ɗan zuba barasar da aka tace ne kawai don kada tafiyar teku ta lalata kayan. Sannu a hankali aka koma zuba ta tun inabin bai gama tsimuwa ba. Barasar kan kashe yis, ta tsayar da aikinsa, sai ragowar sukarin ya zauna, ƙarfin abin shan ya kai kashi 19 zuwa 22 cikin ɗari. Ba kowa ya so haka ba. Joseph James Forrester, ɗan kasuwar Ingila da ya zana taswirar Douro, ya rubuta a 1844 cewa wannan ma algus ne. Masu saye ba su saurare shi ba. Ya nutse a 1861 lokacin da jirginsa ya kife a gangaren ruwan Cachão da Valeira, yayin da Dona Antónia Ferreira, hamshaƙiyar mai gonakin da ke cikin jirgin, ta tsira.

Sunayen da ke jikin kwalabe kuwa, duk amsa ce ga tambaya guda: a ina aka ajiye shi, kuma iska nawa ta taɓa shi? Ruby kan yi ɗan gajeren zama a manyan mazubai, ya fito ja da ƙamshin 'ya'yan itace. Tawny kan daɗe a ƙananan gangunan katako, iska na ratsa shi har jan ya koɗe ya koma ruwan zuma. Shekaru 10, 20, 30 ko 40 da ake rubutawa suna nuna yanayin gaurayen ne, ba shekarun kowane ɗigo ba. Colheita shi ne tawny na girbin shekara ɗaya. Vintage, wanda ya fi tsada, ana ɗura shi a kwalba bayan kimanin shekara biyu, ya tsufa a can, kuma sai a shekarar da kamfani ya gamsu da girbinsa. LBV kan yi shekara huɗu zuwa shida kafin a ɗura shi, don wanda ba zai iya jiran shekara ashirin ba. Akwai kuma fari, na farin inabi.

A da, kusan duka a rumbunan Vila Nova de Gaia suke tsufa, a tsallaken kogi daga Porto, inda sanyin teku ya fi zafin tsaunuka dacewa da ajiya. Doka ta tilasta duk abin da za a fitar waje ya bi ta can, abin da ya bar manoman Douro a hannun manyan kamfanoni masu sunaye irin su Taylor, Graham da Sandeman. Sai a 1986, shekarar da Fotugal ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai, aka yarda mai gona ya sayar wa ƙasashen waje port ɗinsa kai tsaye daga gonarsa.