Zamanin Rage Allo: Naɗar Bidiyon Kwamfuta a Boɗinga da Shagari

Naɗar bidiyon allon kwamfuta ta shigo garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, irin su Boɗinga da Shagari, ta shagunan buga takardu da koyar da kwamfuta. Malamin shago mai kwamfutoci kaɗan da ɗalibai da yawa yakan gaji da maimaita darasi guda, sai ya naɗi aikinsa a Word ko Excel ko CorelDRAW, ɗalibi ya tafi da shi gida a waya. Buƙatar ta ƙaru a 2013 da JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta, ta kuma tsananta a 2015 da aka daina ta takarda, domin akwai ɗaliban karkara da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

Manhajojin lokacin kowace da halinta. CamStudio kyauta ce, amma fayil ɗinta na AVI nauyi gare shi. Camtasia Studio, wadda kamfanin TechSmith ya fitar a 2002, tana naɗa tana tacewa, sai dai ta kuɗi ce. Bandicam ta kyauta tana tsayawa a minti 10, ta kuma ɗora tambarinta a saman hoton. Yanka da haɗi kuwa yawanci a Windows Movie Maker ake yinsu.

Aikin da ya fi bambanta gwani da ɗan koyo shi ne rage allo, wanda yau ya kusa ɓacewa. Bidiyon da aka naɗa a faffaɗan allo, in aka juya shi zuwa 3GP don ƙaramar waya, yakan koma 176 da 144, rubutun ya zama kamar sawun tururuwa. Don haka kafin a danna naɗi sai a sauke allon zuwa 800 da 600, a ƙara girman haruffa, a rufe duk abin da darasin ba ya buƙata, a zaɓi kusurwar da aikin yake kawai. Daga nan sai horon hannu. Naɗin yana ɗaukar hotuna kaɗan a daƙiƙa don fayil ya yi sauƙi, saboda haka kibiyar linzamin da ta yi gudu ba a ganin tafiyarta. Ana koya wa yaro ya ja ta a hankali, ya tsaya kan maɓalli, ya faɗi sunansa da Hausa, sannan ya danna. Malami yakan tura gwajin a tasa wayar, ya miƙa wa wanda bai san darasin ba. In mutumin ya matso da wayar kusa da ido, an sake naɗi ke nan, ko da sau nawa ne. Tsofaffin ma'aikata suna alfahari da wannan, kuma sun cancanta: da kayan aiki marasa ƙarfi suka fitar da darussan da ake karantawa sarai.

Murya ita ma da wahalarta. In babu wuta, ƙarar janareto tana shiga makirfo. In akwai, zafin Sakkwato na watan Afrilu ba ya barin a kashe fanka. Shi ya sa wasu ke naɗar hoto da rana, su ɗauki murya daban da dare. A Audacity ana barin 'yan daƙiƙoƙi na shiru a farko, manhajar ta gane ƙarar ɗakin ta rage ta. Rubuta abin da za a faɗa a takarda kuwa gadon malanta ne, irin shirin darasi da ake koya wa malaman makaranta, kuma ba baƙon abu ba ne a yankin da ya fitar da Alhaji Shehu Shagari, wanda ya yi koyarwa kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

Sauyi ya zo da sauri. OBS, da ta fito a 2012, ta kawar da iyakar lokaci da tambari. Microsoft ta janye Movie Maker a 2017, shekarar da iPhone ta samu naɗar allo a jikinta, Android 11 ta biyo baya a 2020, shekarar da aka rufe makarantu saboda korona. Yanzu yaro yana naɗa ya tace a CapCut ba tare da ya taɓa kwamfuta ba.

Ƙorafin tsofaffin ma'aikata a kan sababbin shiga yana da tushe. Ana ganin bidiyon da ya daɗe kafin ya taɓa darasi, kiɗa ya danne murya, kibiya tana yawo ba dalili, saƙonnin WhatsApp na mutane suna faɗowa a allo da lambobinsu. Wanda ya koyi aikin a zamanin minti 10 har yau yana kashe sanarwa kafin ya fara, ya kuma duba bidiyon a ƙaramar waya kafin ya tura wa kowa.