Daga Jar Dara Zuwa Baƙin Kaki: Tarihin Kayan Ɗan Doka a Ƙasar Kano

'Yan'uwa mazauna birane, yawancin 'ya'yanmu sun taso suna jin ana kiran ɗan sanda da sunan ɗan doka, ba tare da sanin cewa a da ma'aikatu biyu ne daban ba, kowace da tufafinta da alamominta.

Kafin zuwan Turawa a 1903, dogarai ne ke riƙe da tsaro a ƙasar Kano. Babbar riga mai ja da kore da jan rawani su ne alamarsu, kuma duk wanda ya hango su ya san saƙon Sarki ne ya iso. A shekarun 1920 aka tsara rundunar 'yan doka ƙarƙashin En'e, aka sanya musu kaki da gajeren wando da jar dara, aka ba su kulki. Su ne muka saba gani a ƙofar Sarkin Rano da kotun alƙali da ranar kasuwa. Shugabansu shi ne Wakilin Doka, muƙamin da marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe daga 1957 zuwa 1962, kafin ya zama Sarkin Kano a 1963.

A ɗaya ɓangaren kuwa akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe rundunoninsu na Arewa da Kudu a 1930. Bajensu na zamanin mulkin mallaka yana ɗauke da kambin sarautar Ingila. Bayan samun 'yanci aka sauya shi da mikiya a sama, sanduna biyu a gicciye, da giwa a ƙasa. Tutarsu kuma shuɗi ce da rawaya da kore. Muƙami a hannun riga da kafaɗa ake karanta shi: kofur igiya biyu, saje igiya uku, manyan hafsoshi kuwa anini. Baƙin kakin da aka san su da shi ya shigo ne a zamanin Sufeto Janar Muhammadu Gambo Jimeta.

Me ya kawo ƙarshen 'yan doka? A siyasar shekarun 1950 zuwa 1966 an sha kuka da yadda ake amfani da su wajen kama 'yan adawa, musamman magoya bayan NEPU. Da soja suka karɓi mulki, kwamitin Gobir ya ba da shawarar a narkar da su cikin rundunar ƙasa, aka kuwa yi hakan a zamanin Janar Yakubu Gowon. Daga baya sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi runduna guda ga tarayya baki ɗaya.

Duk lokacin da muhawarar 'yan sandan jihohi ta taso, ya kamata mu tuna da wannan tarihi. Ɗan doka ya san kowane gida da kowace hanyar ɓarayin shanu, wannan ne ƙarfinsa. Amma wanda ya ba shi hular shi yake yi wa biyayya, kuma nan ne aka sami matsala.

Muna roƙon duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi aikin doka a Yalwa da kewayenta, ya duba akwatin gida. Idan an sami baje ko maɓalli ko ɗamara ko hoto, a sanar da sakatariyar ƙungiya domin a adana, tare da sunan mai shi da shekarun aikinsa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.