BABI NA UKU: ƘARAMAR HUKUMA DA TALAKA A ƘASAR KARAYE DA ROGO

3.1 Zamanin En'e

A wannan babi za a duba irin matakan da hukumomin da ke kusa da jama'a suka ɗauka game da talauci da nuna bambanci a ƙasar Karaye, wadda a da ta haɗa har da Rogo. Ƙasar tana yammacin Jihar Kano, ta ɓangaren Rogo kuma ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. Mazaunanta Hausawa ne da Fulani, akwai kuma Maguzawa a ƙauyuka da dama. Noma shi ne babbar sana'a, musamman dawa da masara, sai rake a fadamu.

A zamanin Turawa, Karaye gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano. Babban abin da ya haɗa talaka da wannan hukuma shi ne haraji. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika Kano. Makiyayi kuwa jangali yake biya bisa kan kowace saniya. Wanda ya kasa biya yakan sayar da hatsinsa tun da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, sannan ya dawo ya saye shi da tsada da bazara. Wato tsarin da kansa yana haifar da talauci. Bamaguje kuma nauyinsa biyu ne, domin bayan haraji yana zaune nesa da gari, ba shi da wakili a fada, sunansa ma ya zama abin gori a bakin mutanen gari. Irin waɗannan koke-koke ne jam'iyyar NEPU ta ɗauka bayan kafa ta a 1950.

3.2 Gyaran 1976 da Mulkin Rimi

A 1976 gwamnatin soja ta kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, aka ba su kaso daga asusun tarayya, aka kuma janye ikon zartarwa daga hannun sarakuna. Amma matakin da talakan wannan yanki ya fi ji a jikinsa daga Kano ya zo. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali. A 1980 kuma gwamnatinsa ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, wadda ta buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka.

Wannan sokewa ta sauke wa manomi da makiyayi kaya, sai dai ta bar baya da ƙura. Ƙaramar hukuma ta rasa babbar hanyar kuɗin shigarta, ta koma dogaro da abin da aka aiko daga sama. Hukumar da ba ta karɓar kuɗi daga hannun talaka ba ta cika jin tsoron tambayarsa ba, shi ma talakan bai cika tambaya ba.

Rimi ya kuma ɗaga darajar Sarkin Karaye a 1981, tare da wasu sarakuna, da hujjar kawo mulki kusa da jama'a. Sabo Bakin Zuwo ya rushe wannan a 1983.

3.3 Sababbin Ƙananan Hukumomi

A zamanin Janar Babangida an ƙara kason ƙananan hukumomi har ya kai kashi 20 cikin ɗari a 1992, amma an ɗora musu nauyin makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Albashin malamai da ma'aikata ya riƙa cinye mafi yawan kuɗin. A 1996 aka cire Rogo daga Karaye ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta, a lokacin da adadin ƙananan hukumomin Kano ya kai 44. Ƙidayar 2006 ta nuna Rogo na da mutane sama da 227,000, Karaye kuma sama da 141,000. Ke nan ɓangaren da ya fi yawan jama'a shi ne ya daɗe yana bin wani gari domin neman taki ko takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ta wannan fuska rabuwar ta yi amfani.

Duk da haka, sabuwar sakatariya takan haifar da sabon bambanci. Ofis da asibiti da wutar lantarki a hedikwata suke taruwa, haka ma guraben aiki. Rugar Fulani da gidan Bamaguje, da yake a warwatse suke, su ne na ƙarshe wajen samun rijiyar burtsatse ko aji. Ba wata doka ce ta ware su ba. Kansila yakan kai aiki ne inda ƙuri'a ta fi yawa.

Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, ta nuna iyakar ƙarfin ƙaramar hukuma. Aikin na gwamnatin tarayya ne. Ruwa ya ci gonaki, an tashi ƙauyuka, wasu sun samu kamun kifi da noman rani, wasu sun rasa gadonsu. A duk wannan, hukumar da ta fi kusa da waɗanda abin ya shafa ba ita ke yanke hukunci kan diyya ko rabon ruwa ba.

3.4 Daga 1999

Tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, abin da ya sa kuɗin Karaye da Rogo sai sun bi ta Kano. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Batun masarauta ma ya sake dawowa: Gwamna Ganduje ya kafa masarautar Karaye a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe ta a watan Mayun 2024, sannan a watan Yuli aka maido da ita a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kaɗai a ƙarƙashinta.