Gafaka, adaka da wasiƙun gidan Waziri

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gadon wani malami a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san inda aikin yake cijewa. Gona a auna ta, shanu a ƙirga su, amma da an buɗe adakar da ke lungun zaure sai kowa ya yi shiru. Ga warƙoƙin littafin fiƙihu, ga takardar cinikin gona, ga rasit ɗin haraji, ga wasiƙar da ba a san mai aiko ta ba, duk a cakuɗe. Mai adakar ya san mazaunin kowacce, sai dai ya tafi da saninsa.

Magabata suna da tsarinsu, kuma tsadar takarda ce ta haife shi. A ƙarni na 19 mafi yawan takardar da ake rubutu a kanta a ƙasar Hausa daga Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus, ta keto Sahara a kan raƙuma. In ka ɗaga irinta a hasken rana za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Ba a ɗinke littafi a nan. Warƙoƙi ne a sake, ta yadda malami zai iya ba almajiri wani sashe ya je ya kwafa, sauran na hannunsa. To, me ke hana su rikicewa? Wata 'yar dabara ce: a ƙasan bayan kowace warƙa marubuci yakan rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba. Ko iska ta watsa littafin a tsakar gida, mai haƙuri zai bi kalmomin nan ya mai da shi yadda yake. Daga nan sai a haɗa warƙoƙin cikin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka, a rataye a bango inda gara da danshin damina ba sa kaiwa da sauƙi.

Dabarar ta yi wa littafi rana, amma wasiƙa warƙa ɗaya ce, ba ta da ta gaba. Nan ne gidan Wazirin Sakkwato ya shigo labarin. Tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, wazirci ya zauna a zuriya ɗaya, kuma ta hannun waziri ne wasiƙun manyan masarautun gabas irin su Kano da Zazzau suke bi. Da yake muƙamin bai bar gidan ba, takardun ma ba su watse kamar na sauran gidaje ba. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a Legas a 1927.

Sai dai wasiƙun suna da wani naƙasu da har yau yake ba masana tarihi ciwon kai: akasarinsu ba su da kwanan wata. Akwai hatimi, akwai sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, akwai doguwar gaisuwa, amma babu shekara. A ganina wannan ba sakaci ba ne, domin manzon da ya kawo takardar yana tsaye, shi zai faɗi sauran bayani da baki. Bayan shekara ɗari kuwa babu manzo. Dole mai bincike ya duba zamanin sarautar mutanen biyu, ya ga inda suka haɗu, ya yi kirdado. Shi ya sa da Murray Last ya zauna a Sakkwato a farkon shekarun 1960 yana aikin da ya zama littafinsa na 1967 kan Daular Sakkwato, ya dogara ƙwarai da Waziri Junaidu, wanda ya hau wazirci a 1948, ya kuma san takardun gidansu kamar yunwar cikinsa.

Fayil ɗin Bature ya zo da abin da wasiƙar waziri ta rasa, wato lamba da kwanan wata. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954, ta tattara irin waɗannan, kuma na Lardin Sakkwato, wanda Anka da Gummi da Bukkuyum suke cikinsa a lokacin, suna reshenta na Kaduna. An samu tsari, amma takarda ta yi nisa da masu ita. Bazamfaren da ke neman asalin iyakar gundumarsu sai ya yi guzurin tafiya Kaduna.

Abin da ma'aikatan irin waɗannan ma'ajiyoyi suke tsoro a adakar malami, bayan gara, shi ne magaji mai son tsabta. Yakan zazzage komai, ya jera manya da manya, ƙanana da ƙanana, ya zubar da wadda ta yage. Su kuwa ƙa'idarsu ita ce a bar kowane ƙunshi yadda mai shi ya ɗaure shi, a rubuta abin da ke ciki kafin a motsa ko warƙa ɗaya, domin wasiƙar da ba ta da shekara sau da yawa maƙwabciyarta a ƙunshi ce kaɗai ke nuna lokacin da aka rubuta ta.