Muryoyin Jan Dak da Alƙalanta

Tun tana 'yar shekara 13, Jan Dak ta Faransa ta ce tana jin muryoyin waliyyai suna umartarta ta kori sojojin Ingila. A 1431 kotun coci a birnin Ruwan ta danganta muryoyin da shaiɗan, aka ƙone ta da ranta. A 1456 aka soke hukuncin, a 1920 kuma cocin Katolika ya ayyana ta waliyiya. Labarin muryoyin bai sauya ba, masu iko ne suka sauya. Wasu likitocin zamani na zargin farfaɗiya ko taɓin hankali, kuma ba a raina iliminsu. Sai dai amsoshinta da aka rubuta a kotu sun nuna yarinya mai kaifin basira, wadda ta yi watanni tana tsallake tarkon manyan malamai.