Ƙugin Amfilifaya Mai Bawul, Gadon Masu Gyaran Rediyo

Leo Fender bai iya kaɗa jita ba. Aikin akanta ya karanta, gyaran rediyo kuwa shi ya koya wa kansa, har a 1938 ya buɗe ɗan shago a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Makaɗan yankin suka riƙa kawo masa kayan sautinsu idan sun lalace, daga gyara ya zarce ƙira. Haɗin wayoyin da ya fara da su ma ba ƙirƙirarsa ba ne, irin waɗanda kamfanonin bawul ke bugawa ne domin masu haɗa rediyo; shi ya sa a cikin tsofaffin akwatunansa ake samun takarda manne da ke ambaton izinin Western Electric. Duk wanda ya zauna yau ya haɗa amfilifayar jita mai bawul, almajirin masu gyaran rediyo ne ko bai sani ba, kuma tare da sana'ar ya gaji abokin gabarsu, wato ƙugi.

Ni a hannun mai gyaran rediyo na tashi, dattijon da ya riski zamanin bawul kafin taranzista ta kore shi daga kasuwa. Bara wani yaro da ke kaɗa jita a wuraren biki ya shigo shagona ɗauke da amfilifayar da ya haɗa da hannunsa. Kayan ya yi odarsu daga waje a warwatse, kwafin Fender Deluxe ce mai lamba 5E3, wadda aka ƙera tsakanin 1955 da 1960: bawul biyar, lasifika ɗaya, ƙarfinta bai kai wat 20 ba. Ya ce, "Baba, wallahi na bi zanen nan ɗaya bayan ɗaya, ba abin da na tsallake, amma da na kunna sai gurnani." Na duba, gaskiyarsa. Kowace razista na wurinta, kowace kwandansa daidai. Abin da zanen bai gaya masa ba shi ne inda kowace waya za ta kwanta.

Fender zane biyu yake fitarwa. Ɗaya na nuna me aka haɗa da me, ɗayan na nuna yadda aka shimfiɗa kayan a cikin akwatin ƙarfen. Na biyun shi ne sana'ar, kuma yawancinsa a hannun matan da ke aikin like wayoyi a masana'antar yake. Wasunsu kan rubuta suna a ɗan salatif su manna a ciki. Masu tara tsofaffin kaya har yau suna ƙara kuɗi idan sun ga an rubuta Lupe, sunan Lupe Lopez. Ina ganin ba camfi ba ne zalla. Hannun da ya san inda waya ba ta son zama ya cancanci a biya shi.

Asalin ƙugi kuwa tsoho ne. Bawul ba ya aiki sai an ɗumama shi. John Ambrose Fleming ya ƙera na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara masa abin da ya sa yake iya ƙara sauti a 1906, kuma rediyoyin farko da batir ake ɗumama su, wutar batir kuwa ba ta kai da komowa, saboda haka ba ta ƙugi. A ƙarshen shekarun 1920 aka koma jona rediyo a bango, nan matsalar ta faro. Bolt 6.3 da ake ba zaren ɗumama bawul, wanda asalinsa ƙarfin batirin motar wancan zamani ne, ya zama wuta mai juyawa sau 60 a daƙiƙa a Amurka, sau 50 a Ingila da nan wajenmu. Duk wayar da ke ɗauke da ita tana watsa maganaɗisu a kewayenta, duk wayar sauti da ta raɓe ta sai ta kwasa. Bawul na farko a hanyar sauti, irin su 12AX7 da RCA ta fitar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana iya ninka abin da ya shiga cikinsa kusan sau 100, kuma bai san bambancin tsirkiyar jita da wayar wuta ba.

Maganin da masu rediyo suka gano shi ake yi har gobe: a murɗa wayoyin ɗumama biyu su zama kamar igiyar guga, domin abin da ɗaya ta watsa ɗayar ta kashe, a tura su kusurwar akwati nesa da wayoyin sauti, sannan a daidaita su da jikin ƙarfen ta razista biyu masu om 100. Abin dariya, Fender kansa bai yi haka a ƙananan amfilifayoyinsa na shekarun 1950 ba. Waya ɗaya ya ja, ya bar jikin akwati ya zama ta biyu, don arha. Sai daga baya kamfanin ya koma murɗawa, a shekarun 1970 har da ɗan maɓallin rage ƙugi a baya. Saboda haka masu cewa sai an kwaikwayi tsohuwa ƙusa da ƙusa, su sani har da gurnaninta suke kwaikwaya.

Amma ba kowane ƙugi ne na ɗumama ba, kuma kunne ke rarrabewa kafin mita. Na sa yaron ya danne tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta uku ya kaɗa. Wannan sautin yana kaɗawa kusan sau 98 a daƙiƙa. Idan ƙugin ya yi daidai da shi, to na sau 100 ne, daga wajen tace babbar wuta yake fitowa: ko kwandansa ta gaza, ko an ɗaure ƙafarta ta ƙasa a wurin da bai dace ba. Idan ya fi shi zurfi, can ƙasa kamar a ƙirji, na sau 50 ne. Nasa ya yi daidai da tsirkiyar. Muka bi, sai ga shi ya tara duk wayoyin ƙasa a ƙusa ɗaya kusa da ramin da ake jona jita, har da ta babbar kwandansa, wadda ke jan wuta da fizga sau 100 kowace daƙiƙa. Na mayar da ita kusa da taransifoma inda ta fito, na bar na wajen ramin jita su kaɗai. Ƙugin ya faɗi warwas. Ragowar kuma da tsinken tsire na nemo shi: ina ɗan ture wayoyi ɗaya-ɗaya tana kunne, har na kai kan wadda ke shiga bawul na farko, ta kwanta a jikin wayar ɗumama; ɗaga ta kawai na yi da faɗin yatsa. Turawa sandar cin abincin mutanen Sin suke amfani da ita. Ko wanne ne dai itace busasshe, ban da fensir, domin bakin cikinsa na ɗaukar wuta.

A nan dole in tsaya. Cikin wannan ƙaramar akwati akwai fiye da bolt 300, manyan kuma sun haura 450, kuma kwandansa na iya riƙe wutar bayan an zare soket. Maigidana ba ya barin yaro ya taɓa ciki sai ya sauke ta ta razista ya auna da mita. Idan kuma dole a yi aiki tana kunne, hannu ɗaya na aljihu, kada wuta ta bi ta ƙirji.

Akwai kuma ihu mai tsinin da ke tashi da zarar bawul ya yi zafi. Wannan gadon Harold Black ne na Bell Labs, wanda a 1927, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson, ya yi tunanin a maido ɗan sautin da ya fita a juye domin ya gyara na shiga. Fender Bassman tana da wannan dabara, haka JTM45 da Jim Marshall ya kwaikwaya daga gare ta a Landan a 1962. Idan aka musanya wayoyi biyu na taransifomar lasifika, maimakon ragewa sai ƙari, sai ihu. A juya su, shi ke nan.

Wani lokacin ma amfilifaya ba ta da laifi. Zare jitar, in aka yi shiru, naɗin wayar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi ne ke kwaso ƙugi daga fitilu da fanka. Seth Lover ya magance wannan wa Gibson a 1955 da naɗi biyu masu saɓa wa juna, kamfanin ya fara sa shi a jitocinsa a 1957. Jitocin Fender masu naɗi ɗaya na nan da halinsu, makaɗi kan juya jikinsa har ya sami fuskar da ƙugin ya lafa.

Mafi munin maganin da aka taɓa yi wa ƙugi shi ne na tsofaffin amfilifayoyi masu filogi ƙafa biyu. Babu wayar ƙasa, sai aka haɗa jikin akwati da ɗaya daga wayoyin bango ta wata ƙaramar kwandansa, da makunnin zaɓar ɓangaren da ya fi shiru. Ranar da ta ƙone ta haɗe, wutar bango ta hau akwati, ta bi waya ta hau tsirkiyoyi. Masu sana'ar kwandansar ajali suke kiranta. Rashin wayar ƙasa a kayan kiɗa ya ci rayuka: Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972 da ya taɓa makirufo, Keith Relf na Yardbirds ya mutu a gidansa a 1976 yana kaɗa jita. Nakan ba da wannan labarin ga yaran da ke karya ƙafa ta uku ta filogi don ta shiga soket, ko don wai ƙugi ya ragu, alhali a filin biki suke kiɗa da janareta, wani ma ba takalmi.

Saura huci, wannan shuuu da ake ji idan an ƙure murya. John Johnson da Harry Nyquist sun nuna a 1928 cewa kowace razista na yin sa saboda zafin jikinta kawai, ba mai raba ta da shi. Ana dai ragewa. Tsofaffin razistoci na garin gawayi sun fi surutu, idan sun sha damina har tartsatsi suke yi. Masu fatar ƙarfe na yanzu sun fi su shiru da arha, ni su nake sa wa bawul na farko ko mai kaya ya ɓata rai. Shi kansa bawul, sabo ba ya nufin lafiyayye. Tsofaffin masana'antun Amurka da Ingila na irin waɗannan sun rufe tuntuni, yawancin na kasuwa daga Saratov ta Rasha suke, ko kamfanin JJ na Sulobakiya, ko Sin, kuma da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Kafin in karɓi kowanne nakan sa shi a gurbin farko in ƙwanƙwasa gilashin da farce. In lasifika ta amsa da ƙararrawa, ya koma wa mai shi, ko in mayar da shi gurbi na biyu inda ba a ninka muryarsa sosai.