Tarihin Zuba Jari a Kiwon Shanu a Ƙasar Birazil

A cikin watan Nuwamba na shekara ta 2024 Gwamnatin Nijeriya da kamfanin JBS na ƙasar Birazil, wanda ba shi da na biyu a duniya wajen cinikin nama, suka sa hannu a takardar alkawari, cewa kamfanin zai zuba dala biliyan 2.5 a Nijeriya, ya gina masana'antu 6, biyu daga cikinsu na naman shanu. Tun da ya ke haka ne, ya kamata a san inda baƙon nan ya fito, da yadda ƙasarsu ta kai ga wannan matsayi. A ƙidayar 2022 mutanen Birazil miliyan 203 ne, shanunsu kuwa miliyan 234, watau shanu sun fi mutane yawa. Masu manyan kuɗi da dama sun zuba dukiya a kiwon ƙasar sun tashi a tutar babu. Jarin da ya yi albarka shi ne wanda aka sa a abin da ya dace da zafin ƙasa, watau irin saniya, da irin ciyawa, da lafiyar dabba.

Sa'ad da Turawan Fotugal suka sauka Birazil a 1500 ba su tarar da saniya ko ɗaya ba. Bayan shekara talatin da 'yan kai suka fara kawo shanu a jirgin ruwa daga tsibiran Cape Verde, domin su riƙa juya injin matse rake, su ja amalanke. Da garkuna suka yi yawa sai suka shiga yi wa gonakin rake ɓarna, har a 1701 Sarkin Fotugal ya yi doka, ya hana kiwo a tsakanin bakin teku da kimanin mil 40 zuwa ciki. Dokar nan ita ta ƙara tura makiyaya cikin daji, suka bi kogin Sao Francisco suna kafa garkuna. Mai shanu ba ya biyan makiyayinsa da kuɗi. Al'adarsu ita ce, cikin kowaɗanne maruƙa huɗu da aka haifa, ɗaya na makiyayi ne, saboda haka mai haƙuri ya kan wayi gari da garken kansa. A kudancin ƙasar kuma, wajen 1780, aka kafa sana'ar busar da nama da gishiri a garin Pelotas. Bayi ne su ke aikin, bayin gonaki ne kuma su ke cin yawancin naman.

Shanun nan na farko irin na Turai ne, marasa tozo. Sun saba da ƙasar bisa tilas, amma girmansu da jinkiri, zafi da kaska suna cin ƙarfinsu. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 sai waɗansu masu kiwo suka lura shanun Indiya masu tozo ba su damu da rana ba, suna kuma ƙiba a kan ciyawar da shanun Turai ke ramewa a kanta. A 1878 Manoel Lemgruber ya sayo kaɗan daga gidan dabbobi na Hagenbeck a birnin Hamburg na Jamus. A 1898 Teofilo de Godoy ya tashi da kansa ya tafi Indiya, ya komo da shanu. Daga nan fataken garin Uberaba, a lardin Minas Gerais, suka mai da tafiyar nan sana'a. Su kan haɗa kuɗin 'yan'uwa da bashi, su yi watanni a kan teku, waɗansu dabbobin su mutu a hanya. Ɗaya daga cikinsu, Joao Martins Borges, a Kalkata ya rasu a 1918.

Ba kowa ya yi murna da baƙin shanun ba. Masanan lardin Sao Paulo, babbansu likita Luis Pereira Barreto, suka yi ta rubutu a jaridu, suna cewa sa mai tozo dabbar daji ce, namansa da tauri, zai ɓata irin ƙasa. Sai ga wata masifa ta ƙara musu ƙarfi. A 1920 wani ayarin shanun Indiya da za a kai Birazil ya yada zango a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, cutar bushiya ta ɓulla a Beljiyam, a 1921 kuma ta ɓulla a Sao Paulo. Aka kashe cutar da gaggawa, aka hana shigo da shanu daga Indiya. Tsoron da abin nan ya jawo shi ne sanadin kafa ofishin duniya na cututtukan dabbobi a Faris a 1924. Daga baya an sake buɗe ƙofa jefi-jefi, ayari na ƙarshe mai girma ya iso a 1962.

Duk shanun da aka kawo daga Indiya ba su wuce dubbai kaɗan ba, amma yau kusan kashi 80 cikin 100 na shanun Birazil suna da jinin masu tozo. Sunayensu ma sun riƙe tarihinsu. Irin da ya fi yawa, fari mai gajerun ƙahoni, a Indiya Ongole a ke ce masa, amma da ya ke a wancan zamani garin Ongole yana cikin gundumar Nellore, sai mutanen Birazil suka kira shi Nelore. Haka Guzera daga Gujarat, Gir kuwa daga dajin Gir. Tun 1935 a ke taron nunin shanu a Uberaba kowace shekara, da rubuta asalin kowane bijimi a littafi, da zaɓen na kirki, har suka kyautata irin ƙwarai.

A daidai lokacin da fataken Uberaba ke fama da teku, manyan kuɗi na ƙasashen waje suka shigo ta wata hanya. Wani attajirin Amurka, Percival Farquhar, ya kafa kamfani mai suna Brazil Land, Cattle and Packing Company, ya sayi filaye masu faɗin gaske a Mato Grosso da waɗansu larduna. A 1912 ya ɗauko Murdo Mackenzie, gwanin kiwo daga Texas, aka kawo bijimai irin na Turai don a gyara garke. To, amma kuɗin duk bashi ne daga Turai. Da yaƙi ya tashi a 1914 bashi ya yanke, harkokin Farquhar suka rushe, a 1940 kuma Gwamnatin Getulio Vargas ta karɓe abin da ya rage. Waɗanda suka sa kuɗinsu a mayanka su ne suka daɗe. An buɗe mayanka ta farko mai ɗakunan sanyi a Barretos a 1913, yaƙin ya buɗe kasuwar nama a Turai, sa'an nan kamfanonin Armour da Swift da Wilson na Amurka da Anglo na Ingila suka kafa nasu. Su kan sayi shanu wurin 'yan ƙasa.

Bayan saniya sai ciyawa. Yawancin ciyawar da shanun Birazil ke ci asalinta Afirka ne, sunayen ma sun faɗa, gama akwai wadda su ke kira ciyawar Gini, da wadda su ke kira ciyawar Angola. Masu tarihi sun ce irinsu a cikin jiragen bayi ya zo, cikin ciyawar da a ke shimfiɗa wa bayin. Tsakiyar ƙasar kuwa wani makeken daji ne da a ke kira Cerrado, mai ciyawa da tsirarun itatuwa da rani mai tsawo, ƙasarsa tana da tsami, ba ta da ƙarfi. A 1973 Gwamnati ta kafa hukumar binciken aikin gona mai suna Embrapa. Aka koya wa manoma zuba garin farar ƙasa don kashe tsamin, aka baza wata ciyawa ta gabashin Afirka mai suna brachiaria, a 1984 kuma hukumar ta fitar da irinta da ta sa wa suna Marandu. Har gamba ta shiga cikin labarin. A 1973 aka ɗauki irinta daga gonar gwaji ta Shika, kusa da Zariya, aka kai Kolombiya, a 1980 aka raba wa masu kiwon Birazil da sunan Planaltina. Ciyawar da Bahaushe ke saƙa zana da ita, can shuka ta a ke yi fili guda don shanu.

Gwamnatin soja ta kuma gwada wata dabara, wadda ƙarshenta bai yi kyau ba. A 1966 ta kafa hukumar SUDAM, ta ce kamfani yana iya riƙe har rabin harajin da ke kansa in zai zuba shi a yankin kurmin Amazon. Bankuna da masana'antu waɗanda ba su san kan saniya ba suka ruga. Kamfanin motoci na Volkswagen ya mallaki hekta wajen 140,000 a lardin Para, ya sare, ya ƙone, ya zuba shanu, a 1986 ya rabu da gonar. A 2025 wata kotun ma'aikata ta Birazil ta yanke masa diyyar riyal miliyan 165 na kuɗin ƙasar, saboda aikin bauta da aka sa leburori a gonar. Yawancin kurmin da aka sare a Amazon makiyaya ya zama, da yawa kuma ƙasar ta gaji cikin 'yan shekaru. Saboda haka a 2023 Gwamnati ta yi shirin gyara hekta har miliyan 40 na makiyayar da ta lalace cikin shekara 10, don a daina taɓa kurmi.

Shi kansa JBS da mahauci ya fara. A 1953 Jose Batista Sobrinho ya buɗe wurin fawa a garin Anapolis, yana yanka shanu 5 a rana. Da aka soma gina sabon babban birni, Brasilia, shi ya riƙa kai wa magina nama. 'Ya'yansa suka yi ta sayen mayankai, bankin raya ƙasa na Gwamnati ya tallafa musu da jari, har a 2007 suka saye kamfanin Swift na Amurka. Sai dai kasuwar waje ba ta buɗuwa ga ƙasar da ke da cuta. An yi shekaru da yawa ana yi wa shanu allurar ciwon baki da kofato sau biyu a shekara, cutar ta yi ɓullarta ta ƙarshe a 2006, a watan Mayu na 2025 kuma hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta shaida ƙasar duka ta rabu da ita ba tare da allura ba. A 2024 Birazil ta sayar wa waje nama kusan tan miliyan 2.9, wajen rabinsa ƙasar Sin ta saya.

In mai karatu ya duba jerin nan zai ga mayanka mai ɗakunan sanyi ba ta yi riba ba sai da ta sami masu kawo mata shanu, masu shanun kuwa ba su yi ƙarfi ba sai da aka yi shekaru ana zaɓen iri, ana shuka ciyawa, ana allura. Arewacin Nijeriya yana da bunaji da rahaji da gudali, dukansu masu tozo ne, gamba kuma a bakin hanya ta ke tsirowa. Abin da fataken Uberaba suka ƙetare teku suka nema, makiyayin nan ya gada. Sauran aiki shi ne littafin asalin bijimai, da makiyaya mai iyaka wadda doka ta tsare, da ruwa, da allura a kan kari. In an gina masana'anta kafin waɗannan, to, a tuna da Farquhar da gonar Para. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.